Yadda Ake Sake Tsarin Maganin Tarin Fuka na Ƙasa ga Waɗanda Suka Taɓa Shan Magani

Duk wanda ya taɓa zama a teburin masu tarin fuka ya san wannan fuskar. Mutum ne ya sha magani wata shida aka sallame shi, ko ya sha rabi ya bari, yanzu ga shi ya dawo, tari ya dawo, zufar dare ta dawo, wuya ya zurma, yana riƙe da tsohon katinsa da ya sha naɗi har rubutun ya soma gogewa. A da ba a wani dogon tunani, sai a buɗe rajista a rubuta Kat 2, wato rukuni na biyu, tsohon haɗin maganin da ake ba wanda ya dawo, a ce masa malam sai ka daure, allura ce kullum har wata biyu, ƙwaya kuma wata takwas. Wannan rubutu na yi shi ne dan waɗanda aka ɗora wa aikin sake wa ƙasarsu wannan tsari, da ma'aikacin da yake son ya gane dalilin da ya sa aka ce a daina. Goge Kat 2 daga takarda aikin minti biyar ne wallahi, ainihin aikin shi ne a tabbatar duk wanda ya dawo an gwada kakinsa an ga wane magani ƙwayar cutarsa take ji kafin a yanke masa abin da zai sha.

Sai kun iya bayanin illar tsohon tsarin da bakinku tukunna, dan za ku haɗu da tsofaffin ma'aikata da za su ce ai mu mun ga ya warkar da mutane, kuma ba ƙarya suke ba. Kat 2 tun farkon shekarun 1990 yake, zamanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana tarin fuka a matsayin matsalar gaggawa ta duniya a 1993 aka shiga yaɗa DOTS, tsarin shan magani a gaban mai lura. Sabon mara lafiya ana fara masa da magani huɗu, isoniyazid, rifamfisin, firazinamid da etambutol. Wanda ya dawo kuwa waɗannan huɗun dai ake maimaita masa, a ƙara allurar sitireftomaisin wata biyu, sai wata ɗaya da huɗun babu allura, sai wata biyar da guda uku an cire firazinamid. To ku duba, magani ɗaya tak aka ƙara. Alhali dokar farko da ake koya wa kowa a harkar TB, wato tarin fuka, ita ce ba a ƙara magani ɗaya tilo a kan haɗin da ya riga ya gaza, domin idan ƙwayar cutar ta riga ta bijire wa isoniyazid da rifamfisin to kusan allurar ce kaɗai take faɗa, ba za a jima ba ita ma cutar ta daina jin ta, wataƙila ma ta haɗa da etambutol.

Rahotannin shekara-shekara na hukumar sun daɗe suna nuna cewa a duniya, cikin sababbin masu cutar kusan 3 cikin 100 ne ke ɗauke da wadda ba ta jin rifamfisin, amma cikin waɗanda suka taɓa shan magani abin yana kai wa 16 zuwa 18 cikin 100. Wannan lissafi kaifi biyu gare shi. Waɗancan 'yan kaɗan ɗin Kat 2 ba zai warkar da su ba, ɓata musu wata takwas kawai za a yi suna tari a cikin iyalansu. Masu yawan kuma, da yawansu ƙwayar cutarsu tana jin magani lafiya lau, allurar ba ta ƙara musu komai ba sai wahala. Na taɓa ganin wani dattijo da ya kusa gama allurarsa, yana shigowa yana dafa bango saboda jiri, ya ce ɗana kunnena kamar gyare ne yake kuka a ciki dare da rana. Sitireftomaisin ke nan, tana taɓa jijiyar kunne da ke riƙe da ji da daidaiton tafiya, tana taɓa ƙoda, mai juna biyu kuma tana iya kurumtar mata da abin da ke ciki, kuma jin da ya tafi sau da yawa ba ya dawowa. Tun a littafin jagora na 2010 hukumar ta ce duk wanda ya taɓa shan magani a yi masa gwajin jin magani, sai dai ta bar ƙofa a ci gaba da haɗin wata takwas ɗin a wasu wurare kafin sakamako ya fito. A watan Disamba na 2010 ta amince da Xpert MTB/RIF, gwajin kaki na inji mai nuna cutar da ko tana jin rifamfisin cikin awa biyu, sai a 2017 ta rufe ƙofar gaba ɗaya, ta ce kada a sake rubuta Kat 2, gwaji ne zai zaɓi magani.

To yanzu aikin. Kafin a kira kowa taro a fara da ƙirga, kuma ƙirgar ba za ta yi daidai ba sai an yarda a kan waye "wanda ya taɓa shan magani". Ma'anar da ake aiki da ita tun 2013 ita ce duk wanda ya sha maganin TB wata ɗaya ko fiye a baya, a ko'ina ya sha. A cikinsu akwai wanda aka ce ya warke ko ya kammala sai cutar ta dawo, akwai wanda maganin ya gaza a kansa, akwai wanda ya ɓace wata biyu a jere ko fiye sannan ya dawo, akwai kuma wanda ba a san yadda maganinsa na baya ya ƙare ba. Kada ku zuba su a kwando ɗaya, wanda magani ya gaza a kansa shi ya fi kowa haɗarin ɗaukar mai bijirewa. Ku ɗauko rajistar shekara biyu ko uku, mutum nawa ne a kowane kashi, nawa aka yi wa gwajin rifamfisin, nawa aka yi wa na isoniyazid, yaya suka ƙare. Idan ƙasar ta taɓa yin binciken bijire wa magani a ɗauko shi ko da ya tsufa. Kuma ku sa a rai adadin da ke rajista ya gaza na gaskiya, dan mutane da yawa suna ɓoye cewa sun taɓa sha, musamman da yake sun san faɗin gaskiya allura take jawo musu.

Kwamiti ba zan daɗe a kansa ba, amma don Allah kada ya zama na manyan likitoci zalla. A saka shugaban babban ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa, mai kula da siton magani da sayayya, mai kula da bayanai, wakilin shirin HIV, likitan yara, wakilin asibitocin kuɗi, hukumar da ke yi wa magunguna rajista, nas ko ma'aikacin lafiya da ke zaune a ƙaramin asibiti yana raba ƙwaya da hannunsa, da mutum ɗaya ko biyu da suka sha maganin da kansu. Wanda yake da alaƙa da kamfanin magani ko na injin gwaji ya faɗa a rubuce tun ranar farko.

Inda nake so a zauna a daɗe shi ne lab, wato ɗakin gwaje-gwaje. A shimfiɗa taswirar ƙasa a kan tebur, a ɗiga duk inda ake ba da maganin TB da launi ɗaya, duk inda akwai injin gwajin kaki na GeneXpert, mai yin gwajin Xpert ɗin, ko na Truenat da wani launi, sannan a tambaya ba ko injin yana nan ba, a'a, yana aiki? Cikin ramukan injin da ake saka katiriji, wato kwanson gwajin, nawa ne suke da rai, yaushe rabon da a saita shi, akwai wuta ko sola, ɗakin yana da sanyi, katiriji ya taɓa yankewa? Daga nan a bi kwalbar kaki ɗaya da ido tun daga hannun mara lafiya, waye yake ɗauka, ranar wace, a cikin me, kwana nawa kafin ta isa, sakamakon kuma ta ina yake dawowa, takarda ko waya. Na san wani ƙaramin asibiti da kwalabe suke kwana biyar a kan taga suna jiran mai ɗauka, in an kai su lab sun lalace a ce a sake kawo wani, shi kuwa mai kakin ya riga ya koma gida da magani huɗu a aljihu kamar sabon mara lafiya. A takarda ƙasar ta daina Kat 2, a zahiri kuwa an gudu ne ba a tsira ba, an bar makanta guda an shiga wata. Saboda haka kuɗin jigilar samfuri ya shiga kasafi da layinsa na kansa, kuma a rubuta wa'adi ƙarara, misali daga karɓar kaki zuwa sakamakon rifamfisin kada ya wuce kwana biyu, ko dai abin da kuka san za ku iya cikawa.

Wani rami da ake yawan faɗawa shi ne a ɗauka Xpert ya gama komai. Xpert MTB/RIF da Ultra da ya biyo bayansa a 2017 rifamfisin kaɗai suke dubawa. Amma cutar da ta bijire wa isoniyazid tana jin rifamfisin ta fi MDR, wato wadda ta bijire wa su biyun, yawa a duniya, kuma a cikin masu dawowa take maƙalewa. Dole sabon tsari ya faɗi yadda za a gane ta, ko da Xpert MTB/XDR da hukumar ta amince da shi a 2021, wanda ke duba isoniyazid da dangin fulorokwinolon, wato su lebofuloksasin da moksifuloksasin, a lokaci guda amma sai injin mai launi goma, ko da gwajin tsiri na LPA da aka daɗe ana yi a manyan lab, ko da shuka ƙwayar cutar a jira makonni. Ku zaɓi wanda ƙasarku za ta iya riƙewa shekara da shekaru, ba wanda ya fi ƙyalli a taro ba. Shuka ɗin nan kuma kada a watsar da shi wai dan an samu inji, ana buƙatarsa dan bibiyar magani da gwajin sababbin magunguna irin su bedakwilin da linezolid, kuma akwai wani sauyi a ƙwayar cutar da aka gano ya yaɗu a Eswatini wanda ke sa ta bijire wa rifamfisin amma Xpert ba ya ganinsa, shi ya sa wanda ba ya samun sauƙi a sake bincikarsa ko da inji ya ce lafiya.

Sai rubuta taswirar yanke hukunci, kuma ta zama shafi ɗaya da za a manna a bango, in ta wuce haka ba mai karantawa. Mutum ya dawo da alamu, a yi masa tambayoyin tarihi da kyau, wane magani, wata nawa, a ina, akwai allura, ya zauna da mai MDR? A karɓi kaki biyu ranar nan, ɗaya na gwajin gaggawa ɗaya na isoniyazid da shuka. Idan rifamfisin da isoniyazid duk suna aiki, a ba shi haɗin wata shida na kowa da kowa, wata biyu magani huɗu wata huɗu magani biyu, kullum ba tsallake rana, babu allura, babu ƙarin wata wai dan ya taɓa sha. Idan rifamfisin yana aiki isoniyazid ba ya yi, jagoran 2018 ya ce rifamfisin, etambutol, firazinamid da lebofuloksasin na wata shida, kuma ya hana ƙara sitireftomaisin ko wata allura. A nan a ja layi da jan biro, ba a saka lebofuloksasin sai an tabbatar rifamfisin yana aiki, in sakamakon isoniyazid ya makara har an yi nisa da magani a sake gwada rifamfisin kafin a ƙara shi, in ba haka ba kun koma gidan jiya, magani ɗaya a kan haɗin da ya gaza, kuma wannan karon fulorokwinolon za ku ƙona wanda shi ne jarin maganin MDR.

Idan kuma rifamfisin ba ya aiki, mutum ya shiga hanyar MDR nan take, a duba fulorokwinolon. Tun Disamba 2022 abin da hukumar ta fifita shi ne BPaLM, wato bedakwilin, firetomanid, linezolid da moksifuloksasin, wata shida duk na haɗiya, ga mai shekara 14 zuwa sama, in fulorokwinolon ba ya aiki a cire moksifuloksasin a ci gaba da ukun. Ba kowa ne ya dace da shi ba, mai juna biyu, mai shayarwa, ƙaramin yaro, mai TB na ƙwaƙwalwa ko na ƙashi, waɗannan tsarin ya nuna musu tasu hanyar, na wata tara ko mai tsawo ko sababbin haɗe-haɗen da suka fito daga baya, ku duba jagoran da ya fi kowanne sabunta a ranar da kuke rubutu dan wannan ɓangaren yana sauyawa da sauri. Sannan tun da maganar masu dawowa muke, wanda ya taɓa shan bedakwilin ko linezolid ko firetomanid fiye da wata ɗaya ba a jefa shi BPaLM haka kawai, sai an gwada an ga cutar tana jin su, irin wannan kwamitin ƙwararru ake kai wa.

Tambayar da nas za ta fara yi muku a wurin bita ita ce, to ranka ya daɗe kafin sakamako ya zo me zan ba shi? In takardarku ba ta amsa wannan ba kowa zai yi abin da ya ga dama. Ra'ayina, inda amsar rifamfisin take zuwa cikin kwana ɗaya ko biyu kuma mutumin yana kan ƙafafunsa, a jira, a koya masa rufe baki in zai yi tari da buɗe taga, a karɓi lambar wayarsa da ta wani ɗan uwa. Wanda jikinsa ya yi tsanani ko yana da HIV da ya yi nisa ba a sa shi jira, likita ya gan shi ranar. Sakamakon isoniyazid kuwa ba a jiransa kafin a fara, ana farawa da huɗun in ya zo a gyara, sai dai a sa sunan wanda alhakin bibiyar sakamakon yake wuyansa, aikin kowa ba na kowa ba ne.

Akwai kuma kishiyar wannan, wato a bai wa mutum magani alhali ba TB ke damunsa ba. Xpert ƙwayar halitta yake gani, ba ya bambance mai rai da matacciya, mutumin da ya gama magani ba da daɗewa ba zai iya fitowa da sakamakon e, musamman ɗan burbushin nan da Ultra yake nunawa. Kuma huhun da TB ya taɓa ci yana barin tabo, tari da haki da ma tofar da jini suna iya zuwa daga tabon ko daga naman gwari da ya zauna a ramin da cutar ta bari. Tsarin ya faɗi abin yi a nan, hoton ƙirji a gwama da na da, shuka, duban likita, ba a yi ta maimaita wa bawan Allah wata shida bayan wata shida ba.

Magani da sito. Da zarar gwaji ya faɗaɗa za ku ga masu MDR da masu bijire wa isoniyazid sun ƙaru a rajista, ba wai cutar ce ta ƙaru ba, gani ne ya ƙaru, to a yi kintacen lebofuloksasin da magungunan layi na biyu da katiriji tun kafin ranar farawa, ba a fafe gora ranar tafiya, odar magani ta hannun GDF, cibiyar duniya da ke samar wa ƙasashe maganin TB, ko wata hanya watanni take ɗauka, kuma in firetomanid ba shi da rajista a ƙasar a fara wannan tun yau. A haɗa da injin ECG saboda bedakwilin da moksifuloksasin suna taɓa bugun zuciya, da gwajin jini da duban ido da ƙafa saboda linezolid. Sitireftomaisin kuwa a kwashe ta daga ƙananan asibitoci kwata-kwata, muddin tana cikin kabad wani zai ɗauko, a bar kaɗan a cibiyar MDR inda wani lokaci ake komawa gare ta idan zaɓi ya ƙare kuma gwaji ya nuna tana aiki. Waɗanda ranar sauyi ta same su a tsakiyar Kat 2 a rubuta musu sakin layi nasu, ni dai a ganina a karɓi kakinsu duka a makon farko a tsayar da allurar duk wanda babu hujjar ci gaba da ita.

Takardu ma suna da ƙarfi fiye da yadda ake zato. In katin mara lafiya da rajista da fom ɗin rahoton wata uku da manhajar bayanai har yanzu suna da akwatin Kat 2, za a ci gaba da cika shi ko sakula goma kuka tura. A cire akwatin, a sa na tarihin magani, da ranar karɓar kaki, ranar sakamako, rifamfisin, isoniyazid, fulorokwinolon. Bita kuma a yi ta da misalan marasa lafiya a hannu, a ba kowa kati ya faɗi me zai yi, a kai ta har asibitocin kuɗi da masu shagon magani dan can mutane da yawa suke fara zuwa.

Wani abu da nake jin zafinsa, tsari da yawa suna tsayawa a ƙwaya su manta da tambayar me ya dawo da mutumin. A yi wa kowa gwajin HIV da na suga, a tambayi sigari da giya da abinci. Mai shan maganin HIV na dolutegirabir in aka haɗa masa da rifamfisin sai an mayar da shi sau biyu a rana, efabirenz kuma, shi ma na HIV, ba ya tafiya da bedakwilin, waɗannan su shiga takarda a fili. Wanda ya bar magani a baya a zauna da shi a ji dalili, kuɗin mota ne, amai ne, aiki ne ya kai shi wani gari, tsawa aka yi masa a gaban mutane? Tun 2013 aka sauya sunan da ake kiran su da shi mai nuna kamar masu laifi ne aka koma cewa bibiya ce ta yanke, to bakin ma'aikata ma ya sauya. A sa tallafin sufuri da na abinci da zaɓin wanda zai riƙa lura da shan maganinsa a kusa da gida, a kuma binciki mutanen gidansa, dan wani ba tsohuwar cutar ce ta tashi ba, sabuwa ya sake ɗauka a ɗakin da yake kwana.

Kada a buɗe ko'ina rana ɗaya in lab bai kai ba, a fara da yankunan da jigilar samfuri ta tsaya da ƙafarta wata uku zuwa shida, a ga inda yake yoyo, a toshe, a faɗaɗa. Duk wata uku a duba lambobi kaɗan kawai, cikin masu dawowa kashi nawa suka samu sakamakon rifamfisin kafin fara magani, kashi nawa suka samu na isoniyazid, kwana nawa daga kaki zuwa ƙwayar farko, mutum nawa aka gano da MDR amma ba su fara magani ba, da kwalbar sitireftomaisin nawa ta fita daga sito. A shafin farko na takardar a rubuta ranar da ta fara aiki, da lambar bugu, da ranar da kwamiti zai sake zama a kanta, shekara biyu ya isa, ko da zarar sabon jagora ya fito, sannan a aika wa kowane asibiti umarnin ya cire tsohuwar taswirar daga bango ya dawo da ita ofishin yanki a ƙirga.